Zabon Nakpayili da Maganar "Baƙi Daga Togo"

A farkon shekarar 1994 faɗa ya tashi a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla, tsakanin wani mutumin Kwankwamba da wani mutumin Nanumba a kan cinikin zabo. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kama ƙasar Nanumba, ta kai kewayen Yendi a ƙasar Dagwamba, ta gangara Salaga a ƙasar Gwanja. Gwamnatin Rawlings ta kafa dokar ta-ɓaci a gundumomi 7. Lissafin hukuma ya ce mutum wajen 2,000 suka mutu, ƙauyuka fiye da 400 suka ƙone. Jaridun Ankara da na ƙasashen waje suka sa masa suna Yaƙin Zabo.

Sunan nan shi kansa ruɗi ne. Ba a tara bindigogi a dare ɗaya saboda tsuntsu. An riga an gwabza a Bimbilla a 1981, an kuma yi a Kpandai tsakanin Gwanjawa da Nawuri a 1991. Ainihin maganar ƙasa ce da sarauta. Tun zamanin Turawa aka sa Kwankwamba ƙarƙashin sarakunan Dagwamba, Nanumba da Gwanja. A 1993 shugabanninsu suka roƙi a ba su babban sarki nasu a Saboba, suka kai takardar Majalisar Sarakuna ta Ƙasa ba tare da sun bi ta hannun Ya Na Yakubu Andani na Biyu ba. Fadar Yendi ta ɗauki wannan raini ne.

Daga nan gardama ta soma, kowane gefe yana cewa manyan ɗaya gefen ne suka yaudari talakawa. Dagwamba suka ce 'yan bokon ƙungiyar samarin Kwankwamba sun sa wa manoma rai cewa gonakin da suke nomawa za su zama nasu, kuma kalaman Rawlings game da hakkin ƙananan ƙabilu sun ƙara musu ƙarfin hali. Kwankwamba kuwa suka ce masu sarauta da nasu 'yan bokon ne suka baza maganar cewa Kwankwamba baƙi ne daga Togo, don a halatta korarsu. Har ikkilisiyoyin da suka buɗe makarantu a ƙasar Kwankwamba ba su tsira daga zargi ba.

Maganar Togo ita ce ta fi shiga kunnen jama'a, ita ce kuma ta fi sauƙin aunawa. Gaskiya ne akwai Kwankwamba da yawa a Togo, gaskiya ne kuma waɗansu sun yi ƙaura zuwa kudu neman ƙasar doya. Amma a 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar Dagwamba biyu, Yendi kanta ta faɗa hannun Jamus har yaƙin 1914. Bayan haka ta zama cikin Togo ta Ingila, tare da Saboba, da Bimbilla, da Pusiga inda wurin tunawa da Naa Gbewaa yake, kakan sarakunan Dagwamba da Nanumba da Mamprusi. Ƙuri'ar raba gardama ta 1956 ce ta haɗa su duka da Gwalkwas. In zaman Togo ke sa mutum baƙo, to fadar Ya Na ma ba ta kuɓuta ba. Bugu da ƙari, labarun gargajiya sun nuna Dagwamba sun tarar da Kwankwamba a wurin da Yendi take yau. Masu ilimin da suka riƙa maimaita maganar sun san wannan sarai. Mai karanta Littafin Sarakuna na Fari zai tuna annabawa 400 da suka gaya wa Ahab abin da yake so ya ji kafin ya tafi Ramot Gileyad.

Wannan bai wanke ɗaya gefen ba. Manomin da aka sa wa rai cewa kibiya za ta ba shi ƙasa, shi ma an cuce shi, gama ta hanyar zama da magana ne kaɗai aka sami abin da aka samu. Bayan tarurruka da dama, da taimakon masu sulhu daga Nairobi, aka sa hannu kan yarjejeniyar Kumasi a watan Maris 1996. A ciki Dagwamba suka yarda Kwankwamba 'yan ƙasar Dagbon ne, Kwankwamba kuma suka amince da Ya Na a matsayin babban sarkin ƙasar. A Bawku, inda Kusasi da Mamprusi suke jayayya kan sarauta tun 1957, tambayar wanene ɗan ƙasa, wanene baƙo, ta sake jawo zub da jini a 2000, da 2001, da kuma daga ƙarshen 2007.