Coci da Annoba: Abin da Na Gani a Wamakko a Shekarar 2020

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da malaminmu ya yi mana a aji, wato me muka sani game da Marisuwa, annobar murar da ta shigo ta Ikko a watan Satumba na 1918 ta kashe mutum kimanin 500,000 a Nijeriya. Duk ajin muka yi tsit. Kakanninmu sun gan ta, amma sun tafi da labarinta. Sai na ji tsoron kada tamu annobar ta bi sahu.

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da shigowar Korona ƙasar nan. Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, a watan Afrilu kuwa cutar ta iso Sakkwato. A lokacin ina ɗan shekara 17, muna zaune a Arkilla cikin ƙaramar hukumar Wamakko. Katanga ɗaya ce ta raba mu da wata dattijuwa 'yar ɗarikar Katolika, wadda duk unguwa ke kira Mama. Ta wurinta na san halin da cocinsu ya shiga.

To, ya mai karatu, ibadar Katolika ibada ce ta cuɗanya. Akan tsoma yatsa cikin ruwan albarka a bakin ƙofa, a yi musafaha ana yi wa juna fatan salama, sannan Fada ya ɗora wa mai ibada gurasar jibi a kan harshe. Kowace daga cikin ukun nan ƙofa ce ga cutar da ke bin yawu da numfashi. Saboda haka aka kwashe ruwan, aka hana musafaha, aka ce a karɓi gurasa a tafin hannu. Aka girke bokiti da sabulu a ƙofa, kowa ya sa takunkumi, aka kuma roƙi tsofaffi su zauna gida.

Nan fa ake yin ta. Wata Lahadi na iske Mama zaune ƙofar gida, ta ci ado, carbinta a hannu, tana hawaye. Na ce, "Mama, lafiya?" Ta ce, "Ɗana, shekara hamsin ban fasa zuwa coci ba. Yau an ce in zauna don kada in mutu. In ban je wurin Allah yanzu ba, sai yaushe?" Ban sami amsar da zan ba ta ba, domin irin maganar da mahaifina ya yi ke nan sa'ad da azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, shugabannin Musulmi ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka nemi a dakatar da taron tafsiri.

Shugabanninsu ma sun ɗanɗana. Ranar 27 ga Maris, Fafaroma Francis ya tsaya shi kaɗai cikin ruwan sama a dandalin Waliyyi Bitrus yana addu'a, aka kuma yi bikin Ista na 12 ga Afrilu a Rum ba taron jama'a. A nan gida, bishof-bishof na Katolika, waɗanda Bishof Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ke cikinsu, suka miƙa wa gwamnati asibitocinsu fiye da 400 don yaƙi da cutar. Hujjarsu ita ce tsare ran maƙwabci shi ma ibada ne.

Mama ba ta karanta wannan hujja a takarda ba. Jikanyarta mai ciwon asma ce ta sa ta haƙura. Ta riƙa bin addu'a ta wayar da nake ara mata, har gwamnatin tarayya ta sassauta dokar wuraren ibada a farkon Yuni. Ranar da ta koma, takunkuminta ya dace da ɗankwalinta.

'Yan'uwana ɗalibai, kowannenmu yana da irin wannan labari a gidansu. Mu tambayi dattawanmu tun suna raye, mu rubuta da Hausa, kada jikokinmu su yi tsit a aji yadda muka yi.