Gidan Haya a Tarihin Birni: Waiwaye Daga Fadaman Mada

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zuwa Bauchi neman ilmi ko aiki ko sana'a, alhali ba shi da dangin iya balle na baba a cikin ganuwa, da wuya a ce bai kwana a gidan haya ba. Muna nufin gidan nan mai ƙofar shiga ɗaya, da ɗakuna jere hagu da dama suna kallon juna, ga rijiya a tsakar gida, ga madafa da makewayi can ƙurya na kowa da kowa. Da yawa daga cikinmu, malamai da ɗalibai, a irin wannan ɗaki muka fara ajiye akwati. Wasunmu a nan suka kai amarya, a nan kuma aka yanka ragon sunan ɗan fari. Sai dai idan mutum ya bi tarihin manufofin gidaje na gwamnatocin Nijeriya, zai tarar ba a cika tunawa da wannan gida ba sai ana maganar cunkoso da ƙazanta.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun gidan haya na ɗaki-ɗaki, daga asalinsa a al'adar Bahaushe zuwa matsayin da ya samu a unguwanni irin Fadaman Mada, domin mu nuna cewa shi ne ya ɗauki nauyin talakan birni a lokacin da hukuma ke ƙirga wasu gidaje na daban.

Daga Fatoma Zuwa Mai Gidan Haya

Saukar da baƙo a ɗaki tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin fatauci, ayari idan ya iso gari yakan sauka a zango, kuma kowane falke yana da fatomansa, wato mai masaukin da zai ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan ciniki na bashi ne. Fatoma bai cika karɓar kuɗin kwana ba, la'adar ciniki ita ce ribarsa. Wannan tsari ya bi Hausawa duk inda suka je. Polly Hill ta yi nazarinsa a Kumasi, shi kuma Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda masu gidaje suka riƙe cinikin goro da na shanu ta hanyar ɗakunan da suke saukar da baƙi. Malamanmu ma ba su bar abin haka nan ba, domin littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure, irin su Risala, sun yi bayanin hukuncin haya da jinga.

Zuwan Turawa ne ya sauya fuskar al'amarin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913, sannan dokar garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa raba birane gida-gida: birni na 'yan ƙasa, bariki na Turawa, sabon gari da tudun wada na baƙi. Baƙon wannan zamani kuwa leburan reluwe ne, ko akawu, ko masinja, ko yaron kanti. Ba shi da kayan da fatoma zai ci la'ada a kansu, abin da yake da shi albashi ne a ƙarshen wata. Daga nan ɗaki ya zama haja mai farashi, fatoma ya rikiɗe ya zama mai gidan haya. Gwamnatin mulkin mallaka ta gina wa manyan ma'aikatanta gidaje a bariki, ta yi wa 'yan sanda da wasu ƙananan ma'aikata kwatas, sauran jama'a kuwa ta bar su da masu ɗakuna.

Bauchi Ta Tsallake Ganuwa

Malam Yakubu ya kafa birnin Bauchi a farkon ƙarni na 19, ya kewaye shi da ganuwa mai ƙofofi irin su Wunti da Ran da Jahun da Wambai. A cikin ganuwa gida na zuriya ne. Yaro idan ya tasa a ba shi shago, idan ya yi aure a yanka masa sashe, baƙo kuwa zaure ya ishe shi. Turawa sun ci garin a 1902, layin dogo ya iso a farkon shekarun 1960, amma babban juyi bai zo ba sai ranar 3 ga Fabrairu 1976, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Jihar Bauchi daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas. Dare ɗaya garin lardi ya zama babban birnin jiha. Ma'aikata suka kwararo daga Maiduguri da sauran wurare. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta zo a 1979, jami'ar da daga baya aka sa wa sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa ta biyo baya a 1980, ga kuma kamfanin haɗa motoci na Steyr. Kowane ofishi da aka buɗe yana tafe da direba da mai gadi da mai shara, kuma bayansu akwai mai shayi da tela da makaniki da mai wanki da guga. Dukkansu suna bukatar wurin sa haƙarƙari.

Birni ya cika, sai gari ya tsallake ganuwa ya shiga gonaki. Fadaman Mada na cikin unguwannin da suka bunƙasa ta wannan hanya, kuma sunanta kaɗai ya isa shaida. Ɗalibin harshe zai lura cewa a daidaitacciyar Hausa Fadamar Mada za a ce, amma karin harshen Bauchi bai damu da raba -n da -r na nasaba ba. Ɗalibin tarihi kuwa zai lura da kalmar fadama, wato ƙasa mai kwari da damshi wadda aka sani da noman rani. Inda aka yanka gona aka mai da ita fulotai, mai ƙaramin ƙarfi yakan sayi ɗaya, ya yi ɗaki biyu da bulo da kwano ya shiga, ya sa ɗan haya a na uku, da kuɗin hayar ya ɗora na huɗu. A haka, bulo bisa bulo, ɗan fansho da ɗan kasuwa da gwauruwar da ta ci gadon fili suka samar wa birnin ɗakunan da babu wani kasafin kuɗi da ya tanada.

Abin Da Hukuma Ta Ƙirga

A daidai wannan lokaci gwamnati ma ba ta zauna ba. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya yi alkawarin gidaje 202,000, amma abin da aka kammala bai kai kashi 15 cikin ɗari ba. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙudurta gina 40,000 a kowace shekara, wato 2,000 a kowace jiha, ta tashi da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na abin da ta nufa, kuma da yawa daga cikin gidajen an yi su ne a bayan gari, nesa da kasuwa da wurin aiki. Manufar gidaje ta ƙasa ta 1991 ta ɗauki taken gida ga kowa kafin shekarar 2000. Dokar asusun gidaje ta 1992 ta wajabta cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin ya sami rancen mallakar gida. Shekarar 2000 ta zo ta wuce, ƙidayar 2006 ta sami mutum 493,810 a ƙaramar hukumar Bauchi, ɗan haya kuwa yana nan a ɗakinsa.

Ba mu raina waɗannan ayyuka ba. Unguwannin Lokos da Gida Dubu suna nan a Bauchi, kuma iyalai da dama sun rufa asiri a cikinsu. Abin lura shi ne dukkan tsare-tsaren sun ginu kan zato guda: iyali ɗaya, gida ɗaya, mai albashi ɗaya da zai biya sannu a hankali har ya mallaka. Ɗan acaɓa da mai sayar da rake ba su da takardar albashi. Ɗalibi da ɗan bautar ƙasa da ma'aikacin da ake iya yi wa canjin wurin aiki gobe ba mallaka suke nema ba, ɗaki suke so kusa da inda suke wuni. Haka nan dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, ta sa takardar shaidar mallaka ta zama mabuɗin rancen banki, alhali yawancin masu ƙananan gidajen haya abin da ke hannunsu takardar ciniki ce da mai unguwa ya shaida. Ko dokokin ƙayyade kuɗin haya da jihohi suka yi a tsakiyar shekarun 1970 ba su yi wani tasiri ba, domin doka ba ta ƙara yawan ɗakuna, kuma mai neman wurin kwana ba ya kai mai gida ƙara.

An taɓa kusan kama bakin zaren, kuma a Bauchi aka yi. A 1979 Bankin Duniya ya amince da rancen aikinsa na farko na raya birane a Nijeriya, aka zaɓi yankin Makama. Dabarar ita ce hukuma ta kawo hanya da ruwa da magudana, ta yanka fulotai, ta bar mutane su yi gini daidai ƙarfinsu. Wannan ya dace da yadda talaka ya saba gini tun asali. Sai dai tsadar kayan gini da ta biyo bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da kuma sha'awar shugabanni ga rukunin gidajen da za a yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto, sun hana dabarar yaɗuwa yadda ya kamata.

Zaman Gidan Haya

Kada a ɗauka muna yi wa gidan haya kirari ne. Wanda ya zauna ya san layin banɗaki da asuba, da rigimar kuɗin wuta, da faɗan yara da ke komawa na iyaye, da mai gidan da ke ƙara kuɗi ba tare da ya toshe yoyo ba. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Mafi muni shi ne abin da ya shafi lafiya. Fili ƙarami ne, kowane taƙi an mai da shi ɗaki, sai a haƙa masai kusa da rijiya, a ƙasar fadama kuwa ruwa ba shi da nisa. Idan damina ta yi ƙarfi, kwata ta cika, abin da ke cikin wannan rami yakan sami hanyar zuwa wancan. Annobar amai da gudawa ta 2021, wadda Jihar Bauchi na cikin waɗanda ta fi yi wa ɓarna, ta isa ta tuna mana cewa rijiya da makewayin gidajen talakawa al'amari ne na gari baki ɗaya.

Duk da haka, a wannan tsakar gida ne Bajari da Basayi da Bafulatani da Bayarabe da Ibo suka koyi cin abincin juna, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. A nan ake adashi, a nan maƙwabciya ke karɓar haihuwa kafin a sami mota. Kuma lokacin da rikicin Jos na 2001 da na Boko Haram suka koro dubban mutane zuwa Bauchi, da yawansu gidajen 'yan'uwa da ɗakunan haya ne suka karɓe su.

Darasi Daga Nesa

Akwai ƙasar da ta gwada raba birni da irin wannan gida, kuma ya kamata mu dubi abin da ya same ta. A Amurka, birnin New York ya taɓa cika da gidajen da ake ba da hayar ɗaki ɗaya, ana tarayya a banɗaki. Mahukunta suka ɗauke su matattarar ƙazanta da ashsha, suka hana gina sababbi a 1955, suka kuma ƙarfafa mai da tsofaffin zuwa gidaje masu tsada. Dubban ɗakuna suka salwanta. Zuwa shekarun 1980 titunan birnin sun cika da masu kwana a waje, har a 1985 hukumar birnin ta koma tana hana rushe ragowar gidajen da ta yaƙa jiya. A 2003 hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto na musamman da ke jan hankalin ƙasashe masu tasowa cewa haya hanya ce da talakan birni ba zai iya yi ba tare da ita ba.

A wurinmu ba doka ce ke cin gidan ɗaki-ɗaki ba, kasuwa ce. Unguwa idan ta sami kwalta, filinta ya yi daraja, sai magada su sayar, mai saye ya rushe ɗaki goma ya yi gida biyu masu katanga, ko jerin shaguna, ko ɗakunan zamani masu banɗaki a ciki waɗanda kuɗinsu ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya sa zama a bayan gari ya ƙara tsada, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 kuwa ana raba shi ne tsakanin abinci da mota da haya. Iyali goman da suka fita daga wancan gida ba su ɓace ba. Sun matsa gaba ne, zuwa wata fadamar da ba ta da hanya ko famfo, su sake farawa.

Kammalawa

Tarihin da muka bi ya nuna cewa tun daga fatoma har zuwa ɗan fanshon Fadaman Mada, masu ƙaramin jari ne suka saukar da baƙon birni, gwamnati kuwa ta fi mai da hankali ga gidan mallaka wanda kaɗan ke samu. Saboda haka muna ganin manufar gidaje da ta san inda talaka ke kwana za ta fara ne da ƙirga waɗannan ɗakuna, ta sauƙaƙa wa masu su samun takardar mallaka, ta ba su ƙaramin rance na gyaran rufi da makewayi bisa sharaɗin kada su tsawwala haya, ta kai famfo da magudana unguwanninsu, ta kuma sa dokar tazara tsakanin rijiya da masai wadda malaman tsafta za su bi da gaske. Kuɗin gida ɗaya na rukunin gwamnati zai gyara tsakar gidaje masu yawa. Ɗalibanmu da za su zama injiniyoyi da masu tsara birane da manyan sakatarori, da yawansu daga irin wannan ɗaki suke fitowa lacca kowace safiya. Muna fatan ranar da takardar manufa ta zo teburinsu za su tuna da lambar da aka rubuta da gawayi a ƙofar ɗakinsu.