Sinbad a Ƙasar Hausa: Tarihin Kallon da Ya Reni Yaran Jiya

Idan hira ta yi daɗi tsakanin waɗanda suka tashi a shekarun 1970 da 1980, ba a jimawa sai an faɗa zancen finafinan da. Wani ya tuna ƙaton dodo mai ido ɗaya, wani ya tuna ƙwarangwal riƙe da takobi, wani kuma aljanin da ya fito daga fitila. A Turai da Amurka irin wannan bege yana komawa ne ga nunin rana da ake ware wa yara ranar Asabar. A Arewacin Nijeriya kuwa kallon ya bi wata hanya dabam, kuma hanyar ce ta sa waɗannan finafinai suka zauna daram a zukata.

Farkon abin da akasarin talakawa suka sani shi ne majigi. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen finafinan ƙasashen da take mulka a 1939, ƙarƙashin William Sellers, wanda ya soma aikin yana jami'in kiwon lafiya a Nijeriya. Mota ce ke zagaya garuruwa da injin wuta da farin ƙyalle, a kafa a ƙofar fada bayan magariba, a nuna tsafta da noma da rigakafi, mai fassara yana bayani da Hausa. Jama'a suka laƙaba wa hoton da ke motsi suna dodon bango. Ga mutumin ƙaramin gari irin Dalijan, a ƙaramar hukumar Gwandu ta Jihar Kebbi, wannan ce ƙofar da ta fi kusa, domin gidan sinima kayan manyan birane ne.

A Kano an buɗe Rex a 1937. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin ishara. Da aka buɗe Palace cikin ganuwa a 1952, kusa da kasuwar Kurmi, malamai sun nuna ƙin amincewa. Ga shi kuma yawancin gidajen ba su da rufi, sai rana ta faɗi hoto ke fitowa a bango. Saboda haka nunin rana na yara bai samu gindin zama ba. Sinima ta zama harkar dare, harkar maza, wadda ɗan gidan mutunci kan shiga a sace, ya dawo yana fargabar bulala. Wanda bai samu shiga ba sai ya jira labari da safe, daga bakin yayansa ko abokinsa, da ƙari da gishiri.

Finafinan da ake begen nasu tarihi ne da su. The Thief of Bagdad ya fito a 1940, da darduma mai tashi da aljanin kwalba. A 1958 aka yi The 7th Voyage of Sinbad, a 1963 kuma Jason and the Argonauts, dukansu da aikin hannun Ray Harryhausen. Dabararsa ta haƙuri ce: ya ƙera ɗan mutum-mutumi mai gaɓoɓin ƙarfe, ya motsa shi kaɗan, ya ɗauki hoto guda, ya sake motsawa, alhali daƙiƙa ɗaya tana cin hoto 24. Faɗan da Jason ya yi da ƙwarangwal bakwai, na 'yan mintoci, ya ci masa fiye da wata huɗu. Daga Indiya ma, wadda 'yan kasuwa Lebanawa suka soma shigo da finafinanta a shekarun 1950, an samu Hatim Tai na 1956 da Alibaba Aur 40 Chor na 1980, wanda Dharmendra ya fito a ciki, jarumin da Hausawa suka raɗa wa Sarkin Ƙarfi.

Dalilin karɓuwarsu shi ne ɗan kallo Bahaushe ya riga ya san duniyar da ake nuna masa. Ya sha tatsuniyar Dodo da Gizo a ɗakin kaka. Ya ji labarin aljannu da zoben Annabi Sulaimanu. Frank Edgar ya buga Dare Dubu da Ɗaya da Hausa a 1924. A 1934 aka fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu tafiye-tafiye ne da suka ratsa ƙasashen mutane da na aljannu, daga baya kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo sawu. Yaron da ya karanta waɗannan a firamare, in ya ga Sinbad da rawani yana fama da tsuntsu mai kai biyu, ba ya buƙatar Turanci kafin ya gane inda aka dosa. Rawanin ma irin na gidansu ne, Bagadaza kuma suna ne da ya saba ji a bakin malamai.

Talabijin da bidiyo ne suka kai wannan kallo inda sinima ba ta taɓa isa ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 tashar NTA Kano ke nuna finafinan Indiya a kai a kai. Daga baya kaset ya wadatu, sai gidajen kallo suka bazu har ƙananan garuruwa: zaure ko rumfar zana, benci, akwatin talabijin, da janareto yana ruri a waje. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, wannan salo ya riga ya soma danne sinima. Bayan shekarar 2000, da jihohin Arewa suka faɗaɗa aiki da Shari'a, an ƙara tsaurara ido a kan wuraren kallo, Kano kuma ta kafa hukumar tace finafinai a 2001.

Abin lura shi ne masana'antar da ta taso daga waɗannan 'yan kallo ba ta gaji wannan fanni ba. Tun daga Turmin Danya na 1990, finafinan Hausa sun fi karkata ga soyayya da rikicin aure da waƙa. Akwai dalilin kuɗi, domin dodo da jirgin ruwa da fada sun fi falo da lambu tsada. Akwai kuma taka tsantsan game da nuna tsafi da aljannu a gaban masu tacewa. An gwada 'yan kaɗan, kamar Daskin da Riɗi da aka ɗauko daga tatsuniya, amma ba su zama turba ba.

Yau yaro a Dalijan ko Kalgo yana iya kallon jaruman Indiya da aka juya maganarsu zuwa Hausa a wayar yayansa, shi kaɗai, ba jira ba kuɗin ƙofa. Abin da ya ragu shi ne taron da ake ihu tare, da wanda zai dawo ya ba da labarin da bakinsa. Kayan aikin da Harryhausen ya kwashe watanni yana yi da hannu yanzu kwamfuta tana sauƙaƙa su, kuma matasan Kano da Kaduna sun iya sarrafa ta. Koje Sarkin Labari da Ganɗoki da Iliya suna nan cikin littattafan da ake sayarwa a kasuwa, fiye da shekara 70 bayan fitowarsu, yawancin yaran yau kuwa sun fi sanin jaruman Mumbai da su.