Iri Ya Samu, Ruwa Ya Gagara: Tarihin Binciken Alkama da Gero a Ƙasar Borno

1.0 Gabatarwa

Ranar 10 ga watan Satumba na shekarar 2024, mutanen Galtimari da Fori da Gwange da wasu unguwannin Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa, bayan da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse. Gidaje sun rushe, gonaki sun nutse, har ma mafi yawan namun dajin da ke gidan ajiyarsu na Sanda Kyarimi suka halaka. Shekara 40 kafin wannan rana, wato a 1984, masifar da ta auka wa Borno kishiyar wannan ce, domin a lokacin fari ne ya janye Tafkin Cadi daga bakin magudanar da aka haƙa don shayar da dubban hektoci na alkama.

Tsakanin waɗannan masifu biyu akwai tarihin wani aikin ilimi wanda ba a cika ba da labarinsa da Hausa ba, wato binciken kimiyyar noma da aka shafe kusan rabin ƙarni ana yi a Maiduguri. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wannan bincike, ta nuna cewa masana sun cika nasu alkawari na samar da iri nagari, amma amfanin irin ya dogara ne ga yadda aka fahimci halin ruwa da ƙasa da mutanen wurin. Za a kwatanta abin da ya sami alkama da abin da ya sami gero don fito da wannan batu fili.

2.0 Alkama a Borno Kafin Zuwan Binciken Zamani

Kalmar alkama kanta shaida ce ta tarihi. Daga Larabci Hausawa da Barebari suka aro ta, abin da ke nuna cewa ta hanyar fataucin Sahara wannan tsiro ya iso ƙasashenmu. Matafiyan Turawa na ƙarni na 19, irin su Heinrich Barth wanda ya isa Kukawa a 1851, sun tarar ana noma ta kaɗan-kaɗan a ƙasar Borno. A gaɓar kogin Yobe ake shuka ta da rani, a ƙananan fangali, ana ba ta ruwa da jigo. Abincin alfarma ce, ta alkaki da taliya da funkaso, ta gidan sarauta da ranar buki. Cimar yau da kullum kuwa gero ne da dawa.

Manoman wancan zamani sun riga sun gano abin da kimiyya ta zo ta tabbatar daga baya, cewa alkama 'yar sanyi ce, ba ta yi a wannan yanki sai cikin hunturu. Haka kuma a ƙasar firki, wato baƙar ƙasa mai danƙo da ke wajejen Dikwa da Marte da Ngala, sun ƙware a noman masakwa. Akan yi renon wannan dawa a ƙarshen damina, a dasa ta bayan ruwa ya janye, ta nuna da laimar da ƙasa ta riƙe, ba tare da an ƙara mata ko ɗigon ruwa ba, a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu.

Abin da ya sauya matsayin alkama shi ne burodi. A 1962 aka fara niƙa alkamar ƙasashen waje a babbar masana'antar fulawa ta Apapa a Legas. Da kuɗin man fetur suka yawaita a shekarun 1970, sai burodi ya zama abincin ma'aikaci da ɗan makaranta, ƙasa ta shiga kashe maƙudan kuɗi wajen sayo abin da ba ta nomawa. Daga nan ne idon hukuma ya koma kan Tafkin Cadi.

3.0 Kafuwar Cibiyar Bincike da Babban Aikin Ban-ruwa

A 1964 Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta kula da tafkin. A wancan lokaci faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. A 1975, shekarar da aka kafa Jami'ar Maiduguri, Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Binciken Tafkin Cadi, mai mazauni a kan hanyar Gamboru Ngala a Maiduguri. Da farko an ɗora mata aiki mai faɗi, wanda ya haɗa da amfanin gona da kifi da dabbobin gida da namun daji da lafiyar jama'ar yankin. A 1987 aka yi wa cibiyoyin binciken noma na ƙasa garambawul, aka taƙaita aikinta ga inganta irin gero da alkama da sha'ir, tare da nazarin tsarin noma na Arewa maso Gabas.

A gefe guda kuma, Hukumar Raya Kwarin Tafkin Cadi ta Nijeriya ta ɗauki nauyin babban aikin ban-ruwa na kudancin tafkin, mai cibiya a Sabon Marte. An tsara a shayar da kimanin hekta 67,000, a noma shinkafa da damina, alkama da rani. An haƙa doguwar magudana daga tafkin zuwa Kirinowa, inda manyan injuna za su ɗaga ruwan su tura shi gonaki. A 1979 aka buɗe kashi na farko.

Kuskuren da aka yi tun a tushe shi ne, an gina lissafin aikin a kan cikar da tafkin ya yi a shekarun 1960, alhali kuwa kimanin kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kawo masa daga Shari da Logone yake fitowa, waɗanda ke tasowa daga can kudu, a wajen iyakar Nijeriya. Tafki ne marar zurfi, saboda haka raguwa kaɗan takan sa gaɓarsa ta ja da baya da nisan kilomitoci. Farin farkon shekarun 1970 ya raba shi gida biyu a 1973, sa'annan farin 1983 da 1984 ya ƙarasa abin da ya rage, har faɗin ruwan ya koma ƙasa da ushirin yadda yake a da. Aka yi shekaru a jere ruwa bai kai bakin magudanar ba, injuna suka yi tsit. Ko a shekarun da aka sami ruwa, abin da aka shayar ɗan ƙaramin yanki ne na abin da aka tsara.

Abin lura a nan shi ne dabarar da talakawa suka yi. Da tafki ya janye, sai suka bi shi, suka kafa ƙauyuka a busasshen gindinsa, suna shuka masara da wake a kan laimar da ya bari. Wato abin da ya karya babban aikin gwamnati, shi ne ya buɗe wa ƙaramin manomi sabuwar gona, domin shi ya saba da cewa tafkin yana zuwa yana komawa.

4.0 Nasarar Masana a Kan Irin Alkama

Duk da wannan koma-baya, aikin inganta iri bai tsaya ba. Babbar matsalar da masana suka fuskanta ita ce zafi. Lokacin sanyi a wannan yanki gajere ne, daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu. Idan manomi ya makara da shuka, zafin Maris zai riski alkama tana cikin zuba ƙwaya, sai ƙwayar ta motse, awo ya ragu. Don haka aka nemi iri mai saurin nuna, mai jure zafi, mai gajeren kara wanda ba ya kwanciya idan ya sha taki.

An samo tushen irin waɗannan iri daga cibiyar CIMMYT ta ƙasar Meziko, inda Norman Borlaug ya yi aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1970, da kuma cibiyar ICARDA mai binciken noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Masanan Maiduguri suka riƙa gwada su shekara da shekaru, suna tankaɗe da rairaya, har suka fitar da irin su Seri M82 da Atilla Gan Atilla, daga baya kuma, a 2014, Norman da Reyna 28, waɗanda kan ba da tan 5 zuwa 6 a hekta guda idan sun sami kulawa, alhali manomi ya saba samun tan 1 zuwa 2.

An kuma gwada wata hanya ta kauce wa zafi, wato hawa tudu. Sananne ne cewa duk hawan mita 1,000 yakan rage zafi da kimanin digiri 6, shi ya sa a Habasha da Kenya ake noman alkama da ruwan sama a kan tsaunuka. Bisa wannan hujja aka yi gwaje-gwajen alkamar damina a Gembu da ke tsaunin Mambila, mai tsayin fiye da mita 1,500, da kuma tsaunin Jos. Sai dai inda sanyi ya haɗu da yawan laima, cututtukan ganye irin su tsatsa sukan yi ƙarfi, don haka can ma sai da irin da ya dace da wurin.

To, amma iri kaɗai ba ya cika rumbu. Tun a 1985 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, suka wallafa littafi mai suna The Wheat Trap, inda suka yi gargaɗin cewa ƙasar ta faɗa tarkon alkama, ta saba da abincin da noma shi a gida ya fi sayo shi tsada. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama, manoma suka duƙufa, amma a farkon shekarun 1990 aka ɗage hanin, farashi ya faɗi, da yawa suka watsar. Daga 2009 kuma rikicin Boko Haram ya zo ya raba manoman Marte da Baga da Ngala da gonakinsu, ƙarfin noman alkama da gwaje-gwajenta ya koma Kadawa ta Jihar Kano da kwarin Haɗeja. Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ta nuna cewa a 2021 alkamar da aka noma ba ta wuce kimanin tan 37,000 ba, a ƙasar da ke shigo da miliyoyin tan kowace shekara.

5.0 Gero: Binciken da Ya Bi Sawun Manomi

Labarin gero ya sha bamban. Shi ba ya bukatar magudana ko injin ɗaga ruwa, kuma ba ya jiran masana'antar fulawa ta saye shi, domin kasuwarsa tana cikin kowane gida mai dama fura ko kunu. Masana sun tarar da manomi da irinsa na gado, har ma ɗaya daga cikin irin da Cibiyar Binciken Noma ta Samaru ta daɗe tana aiki da su, wato Ex-Bornu, daga wannan yanki aka samo shi, kamar yadda sunansa ya nuna.

A shekarar 2000 Cibiyar Binciken Tafkin Cadi ta fitar da irin SOSAT-C88, wanda aka ƙirƙiro a ƙasar Mali tare da cibiyar ICRISAT daga geron gargajiya na Afirka ta Yamma. Yana nuna da wuri, don haka yakan tsere wa ɗaukewar ruwa ta ƙarshen damina. Manoma suka karɓe shi hannu bibbiyu, ya bazu daga Borno da Yobe zuwa Jigawa da Kano da Katsina, sau da yawa daga hannun manomi zuwa hannun maƙwabcinsa. A 2011 aka biyo shi da Super SOSAT. Binciken baya-bayan nan kuma ya haɗa noma da kiwon lafiya, inda a 2018 aka fitar da irin Chakti a Jamhuriyar Nijar, mai yawan sinadarin ƙarfe, don yaƙi da ƙarancin jini da ke addabar mata da ƙananan yara.

Idan aka auna, za a ga cewa ilimin da aka zuba a kan alkama bai gaza wanda aka zuba a kan gero ba. Bambancin shi ne, ita alkama an jingina ta da abubuwa uku da ba sa hannun masani ko manomi, wato tsayuwar tafki da ɗorewar manufar gwamnati da zaman lafiya. Shi kuwa gero ya zauna a kan abin da manomi ya riga ya mallaka.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga yadda binciken kimiyya a Borno ya samar da iri nagari na alkama da gero, da yadda ɗaya ya yi ta tuntuɓe, ɗaya kuma ya sami shiga. Wannan tarihi yana da amfani a yau, ganin cewa maganar farfaɗo da noman alkama a bakin tafkin ba ta mutu ba. A taron da aka yi a Abuja a 2018 an goyi bayan shirin janyo ruwa daga kwarin kogin Kwango zuwa Tafkin Cadi. Sai dai wani bincike da aka buga a 2020, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa a cikin shekaru 20 da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, yana cika ne yana raguwa gwargwadon damina. Wannan shi ne abin da masunta da manoman masakwa suka daɗe da sani.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Bushewar magudanar Kirinowa a 1984 da ɓallewar madatsar Alau a 2024 suna da tushe guda, wato gina babban aiki ba tare da tanadin ranar da ruwa zai saɓa lissafi ba. Saboda haka ya kamata duk wani sabon shiri ya fara da auna halin ruwan na shekaru masu yawa, a ba gero da masakwa rabonsu na kuɗin bincike, sa'annan a fassara sakamakon binciken zuwa Hausa da Barbarci, domin manomin da aka yi aikin saboda shi ya karanta ko ya saurara, ya kuma faɗi nasa ra'ayi kafin a sa diga a ƙasa.