Ashe Waƙoƙinmu Ma Sun Tsufa: Rediyo Da Masu Saurarensa Daga Zamanin Ɗanƙwairo Zuwa Yau

Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu na tarihi, niyyata ita ce in ɗauko maganar madatsar ruwan Bakolori, sai wani ɗan ƙaramin abu ya same ni a hanya ya sauya mini shawara. Ina cikin motar haya daga Gusau za mu Talata Mafara, direba ya kama wata tashar FM, mai gabatarwa ya ce yanzu kuma za su waiwayi tsofaffin waƙoƙi domin iyaye da yayye. Na gyara zama ina jiran kotson Ɗanƙwairo. Sai kawai na ji fiyanon Sangaya. Wani saurayi da ke kusa da ni ya yi dariya ya ce, "Kai, waƙoƙin mutanen da!" Ban ce masa uffan ba, amma har muka wuce Maru ina lissafi da yatsu. Fim ɗin Sangaya ya haura shekara ashirin da fitowa. Yaron bai yi ƙarya ba, mu ne mutanen dan.

Wannan ne ya sa na koma baya in duba yadda rediyo yake mayar da sabuwar waƙa tsohuwa, domin abin da ya same mu ya riga ya sami iyayenmu.

Gidan rediyon da ya raini kunnen iyayenmu shi ne na Kaduna, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, ya koma hannun Gwamnatin Tarayya a 1978. Daga baya Rediyon Rima na Sakkwato ya zo ya zama na gida, tun da a lokacin Bakura da Mafara da Maradun duk ƙasar Sakkwato ce. Duk wanda ya tashi a garuruwan nan ya san ƙaramar rediyo mai batir da ake rataya wa a reshen bishiya a gona, ko a ajiye ta bisa tabarma a ƙofar gida bayan sallar isha'i, dattawa sun kewaye ta ana jin Jakar Magori ko Zaɓi Sonka. Mai rediyo a wancan zamani mutum ne mai jama'a.

Mu kuwa mutanen wannan yanki muna da wani rabo na musamman a cikin wannan akwati, domin muryoyin da suka fi cika shi namu ne. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda duniya ta sani da Ɗanƙwairon Maradun, a Ɗankadu ta ƙasar Bakura aka haife shi a farkon ƙarni na ashirin. Gadon kiɗa ya yi wajen mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi zama ƙarƙashin wansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Sa'idu Faru shi ma ɗan ƙasar Maradun ne, kuma babban ubangidansa shi ne Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu, wanda ya zauna nan Talata Mafara shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Watau tsakanin garuruwan nan uku aka fitar da biyu daga cikin manyan makaɗan fada na ƙasar Hausa, abin da ba kowane yanki zai yi tinƙaho da shi ba.

To, ga inda nake son mu tsaya mu lura. A yau idan aka sa Ɗanƙwairo a rediyo, cewa ake yi filin waƙoƙin gargajiya ne, kamar dai waƙar ta zo duniya da furfurarta. Ba haka abin yake ba. Lokacin da ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello waƙar Mai Dubun Nasara, sabuwar waƙa ce fil, ta siyasar ranar, wadda 'yan NPC ke ji su yi murna, 'yan NEPU su ji su tsuke fuska. Samari ne suke haddace ta. Bayan kisan Sardauna a watan Janairu 1966 waƙar ta sauya ma'ana ba tare da an sauya mata kalma ko ɗaya ba, ta zama abin da ake ji a yi shiru. Sa'idu Faru ya rasu a 1987, Ɗanƙwairo a 1991, Mamman Shata a 1999. Samarin da suka haddace waƙoƙinsu suka zama dattawa, rediyo kuma ya bi su, ya ware musu filinsu yana maimaita musu ƙuruciyarsu. Abin da ya ba shi ikon yin haka shi ne akwai waɗanda suka ɗauki muryoyin nan a faifai suka adana a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo, sa'an nan masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau suka bi makaɗan har gida suka rubuta tarihinsu da waƙoƙinsu. Ba domin wannan wahala ba, da yanzu sai dai mu ji labari, kamar yadda muke jin labarin makaɗa da dama da suka rasu kafin na'ura ta iso gare su.

Mu namu zamanin ya zo da gudu. An ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996 muna firamare. Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, kiɗan biki mai cakuɗa maza da mata ya ja baya. Amma a daidai wannan lokaci ne finafinan Kano, waɗanda suka faro da Turmin Danya a 1990, suka yi ƙarfi, Sangaya da Wasila suka shigo da waƙar fiyano gida gida ta kaset. Wayar salula ta zo a 2001. Dokar 1992 ta riga ta buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu, Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom ta buɗe a Kano a 2003. Kafin mu gama sakandare, kunnen ɗan makaranta a Bakura ya saba da abubuwan da mahaifinsa bai taɓa mafarkin ji ba.

Cikin abubuwan nan har da hip-hop, wanda 'yan jarida suka laƙaba wa suna gambarar zamani, kuma sunan ya dace, domin 'yan gambara na asali ma da saurin baki da habaici da zambo suke cin abinci. 'Yan ajinmu za su tuna yadda kaset ɗin Tupac, wanda aka kashe tun 1996, yake yawo daga akwati zuwa akwati a ɗakin kwana, muna bin amshi ba mu san rabin abin da yake faɗa ba. Za su tuna Eedris Abdulkareem, wanda a Kano ya tashi, da waƙarsa Jaga Jaga ta 2004 da ta ɓata wa Shugaba Obasanjo rai. Daga baya aka sami masu yi da Hausa tsantsa, irin su Nazir Hausawa da ake kira Ziriums, wanda waƙarsa Girgiza Kai tana cikin waƙoƙi 11 da aka haramta a Kano a 2009, shekarar da aka kama Aminu Ala. Sai a 2014 da tashar talabijin ta Arewa24 ta buɗe ne masu irin wannan waƙa suka sami fili na sosai.

Ba zan manta da malaminmu na Hausa ba, Allah ya saka masa da alheri, ranar da ya kama mu da ƙaramar rediyo mai kaset a bayan aji. Ya kunna ya saurara kamar minti ɗaya, ya kashe, ya dube mu ya ce, "Wagga ba waƙa ba ta, hayaniya ta. Ku tai ku ji Ɗanƙwairo in kuna son ku iya Hausa." Rediyon ba ta dawo hannunmu ba sai ƙarshen zango. Malam, idan wannan mujalla ta iso gare ka, ina shaida maka cewa na je na ji, kuma gaskiyarka ce game da Hausar. Har gobe ban ji wanda ya kama ƙafar Ɗanƙwairo wajen sarrafa magana ba. Sai dai hayaniyar nan da ka ƙwace, ita ce yau ake sa wa a filin tuna baya.

Wannan juyi ba mu kaɗai ya sama ba, kuma a Amurka, inda hip-hop ya samo asali, an fi ganin yadda yake aiki domin su komai da lissafi suke yi. Ana ƙirga haihuwar hip-hop daga wani biki da DJ Kool Herc ya yi a unguwar Bronx ta birnin New York ranar 11 ga Agusta 1973. Shekaru da yawa gidajen rediyon da ke yi wa manyan baƙar fata hidima suna gudun sa, har wasu suna tallar kansu da cewa su ba su sa irin wannan waƙa, ta yara ce. Amma yaran ba su tsaya a yara ba. Wanda ya ji Rapper's Delight a 1979 yana ɗan shekara goma sha biyar, a 2014 ya kai hamsin, yana da gida da mota da albashi, watau shi ne ainihin wanda masu talla ke nema, domin a can masu saurare 'yan shekara 25 zuwa 54 su ne kasuwa. A watan Oktoba 2014 kamfanin Radio One ya mayar da wata tasharsa ta labarai a birnin Houston tashar tsohon hip-hop zalla, ya sa mata suna Boom 92. Masu saurare suka yi mata ca, nan da nan aka buɗe irinta a Philadelphia da Dallas, tashoshin manya da suka daɗe suna ƙyamar sa su ma suka shiga cusa shi cikin shirye-shiryensu. Sai dai ta Houston ɗin ba ta kai shekara uku ba aka sake mata fasali a farkon 2017. Ɗokin ya wuce, domin komai daɗin waƙa, idan ita ce kullum, kunne yakan gaji.

Dalilin da ya ja su shi ne yake jan tashoshinmu, ko da ba a zauna an rubuta shi a takarda ba. Mu da aka ƙwace wa kaset jiya, yau mu ne ma'aikata da 'yan kasuwa da malaman makaranta, mu ke sayen katin waya mu kira a gai da mu, kuma masu gabatar da shirye-shiryen kansu sa'o'inmu ne. Kowa kuwa ya sami makirfo, ƙuruciyarsa zai sa.

Inda muka bambanta da Amurkawa, kuma muka bambanta da iyayenmu, shi ne wajen ajiya. Ku saurara da kyau, za ku ji waƙoƙin finafinai ƙalilan ne ake ta juyawa, su ke nan kullum. Gambarar Hausa ta shekarun 2000 kuwa da wuya ka ji ta, domin tun asali yawancinta ba ta bi ta ɗakin rediyo ba. Ta hannun masu turin waƙa a rumfunan cajin waya ta yaɗu, daga waya zuwa waya, daga wannan katin ajiya zuwa wancan. Waya ta lalace, kati ya ɓace, shi ke nan. Kaset ɗin ma da muke taƙama da shi zafi da ƙura suna cinye shi. Abin mamaki ne a ce muryar mutumin da aka ɗauka shekara sittin da suka wuce ta fi sauƙin samu a kan ta yaron da ya yi waƙa a Gusau ko Kano shekara ashirin da suka wuce, amma haka abin yake. Wani zai ce to mene ne asara a ciki? Ni dai ina ganin akwai. Wanda yake son ya san yadda Arewa take a 1963 zai sami abin ji a bakin Ɗanƙwairo. Wanda zai so nan gaba ya san abin da ke cin ran samari a 2004 ko 2009, rashin aikin yi da rikicinsu da hukumar tace finafinai da yadda suke kallon shugabanni, a bakin waɗannan yara zai neme shi, in ya same su.

Halin da yankinmu ya shiga ya ƙara wa maganar nauyi. Ba sai na tuna wa kowa Jangebe da Kaya da kwalejin aikin gona ta nan Bakura a 2021 ba. Hirar dare ta ƙofar gida ta ragu, bikin da ake kwana ana kiɗa ya zama tarihi a ƙauyuka da yawa, makaɗan noma da na fada da suka rage ba su da filin da magadansu za su koya. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a jihar nan aka kuma dakatar da kasuwannin mako, har da ta Talata, mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin rediyonsu sun nemo batir. Na ga haka a gidanmu. Mahaifina ya ɗauko tasa daga ƙarƙashin gado, muka kewaye ta ni da shi da jikokinsa, kowa yana jiran a sa nasa. Ranar ce na fara ganin ɗana ya zauna ya ji Sa'idu Faru daga farko har ƙarshe, saboda babu wani abin da zai latsa.

Bayan tafiyar nan ta Mafara na buɗe tsohon akwatina na makaranta na sami kaset bakwai. Uku sun manne ba su juyawa, ɗaya ya tsinke, uku suna magana, ciki har da wanda Malam ya taɓa ƙwacewa. Na san akwai irinsu a gidajen 'yan ƙungiyar nan da yawa, na Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da iyayenmu suka ɗauka a wajen biki ko naɗin sarauta waɗanda wataƙila babu su a kowane gidan rediyo, da namu na zamanin fiyano da gambara. Ina roƙon duk mai su ya zo da su taronmu na shekara. Na yi magana da biyu daga cikin 'yan ajinmu da suka iya juyar da kaset zuwa kwamfuta, sun yarda za su yi aikin kyauta, a mayar wa kowa da kayansa, a ajiye kwafi ɗaya a ɗakin karatu na makaranta. Wanda ya san shekarar da aka ɗauka da wurin da aka ɗauka, don Allah ya rubuta a 'yar takarda ya liƙa a jikin kaset ɗin.