Tashar Da Aka Goge Sunanta A Alƙahira

Jiya wani ƙanena da ya samu gurbin karatu a Masar ya kira ni yana tambaya yadda ake zirga-zirga a Alƙahira. Na ce masa ya riƙe jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda Misirawa ke kira metro, zai huta da gosulo. Hirar ce ta tuna min ranar da na ɓace a cikinsa, shi ne na ce bari in ɗan ba ku tarihin abin.

A farkon 2012 ne, ina sabon zuwa. Na tambayi wani dattijo inda zan sauka in kai babbar tashar jirgin ƙasa ta Ramsis, ya ce min "Mubarak". Na yi ta leƙen allon kowace tasha, babu Mubarak, har na zarce. Ashe bayan juyin juya halin 2011 an cire sunan Hosni Mubarak, an maida ta Shuhada, don tunawa da waɗanda aka kashe a zanga-zangar. Bakin dattijon ne bai saba ba.

Abin mamakin, Mubarak ɗin ne ya buɗe wannan metro a watan Satumban 1987, kuma shi ne irinsa na farko a duk Afirka. Faransawa ne suka taimaka da tsari da aikin. Dabarar da suka yi ta burge ni. Dama akwai layin dogo da ke zuwa Helwan a kudu, akwai wani da ke zuwa Marg a arewa, sai aka haƙa rami na 'yan kilomita a ƙarƙashin tsakiyar gari aka haɗa su, aka kai Marg a 1989. Layi na biyu ya fara aiki a 1996, daga baya ya ratsa ta ƙarƙashin kogin Nilu zuwa Giza. Na uku ya zo a 2012.

In ka hau layin farko, sunayen tashoshi kaɗai darasin tarihi ne. Sa'ad Zaglul, jagoran boren 1919 kan Turawan Ingila. Sai Sadat, a ƙarƙashin dandalin Tahrir. Sai Nasir. Sai Urabi, hafsan sojan da ya yi tawaye har Ingila ta mamaye ƙasar a 1882. Sannan Shuhada. A tsakiyar kowane jirgi kuma akwai taragun da aka keɓe wa mata.

Siyasa ba ta tsaya a kan allo kawai ba. A watan Agustan 2013 hukuma ta rufe tashar Sadat saboda tsaro, ba a sake buɗe ta ba sai Yunin 2015. A lokacin ita da Shuhada ne kaɗai ake sauya jirgi tsakanin layi na ɗaya da na biyu, don haka kowa ya koma Shuhada. Wallahi cunkoson da na gani a wurin, in ka shiga ba kai kake tafiya ba, jama'a ke ɗaukar ka. Haka ma kuɗin tikiti. Fam ɗaya ne tun 2006 komai nisan tafiya, aka ninka shi a 2017, a 2018 kuma ya kai har fam 7 ga mai dogon zango. Mutane sun yi bore a cikin tashoshi, an kama wasu. Kuɗin jirgi a wurin talaka kamar kuɗin burodi ne.

Abin da na ɗauka shi ne, shugabanni sun zo sun wuce, an goge sunan wanda ya yanke ƙyallen buɗewa, amma kullum da safe leburori da ɗalibai da ma'aikata na sauka ƙarƙashin ƙasa su tarar da jirgi. Mu kuwa jirgin cikin garin Abuja an ƙaddamar da shi a 2018, ya tsaya a 2020, sai 2024 ya dawo. Gina layi abu ne, riƙe shi shekara talatin da ɗoriya shi ne aikin.

Ƙanena dai na ce masa, in wani tsoho ya ce maka Mubarak, ka sauka a Shuhada. Ku da kuka zauna Alƙahira, wace tasha ce ta taɓa ɓatar da ku?