Man O' War: Makarantar da Kaki Ya Rufe Asalinta

Duk wanda ya taɓa shiga sansanin masu yi wa ƙasa hidima a Najeriya ya san 'yan Man O' War. Su ne masu kakin nan da ke fitar da mutane gudun asuba da waƙe-waƙe, su sa su hawan katanga da lilo da igiya da rarrafe a ƙarƙashin waya. A cikin gari kuwa an fi ganinsu a bakin ƙofar taro ko filin wasa suna tare jama'a, shi ya sa da yawa suka ɗauke su wasu ƙannen soja ne marasa bindiga. Abin da aka kafa tun farko makaranta ce, kuma an gina ta a kan ra'ayi guda: akwai tarbiyyar da saurayi ba ya samu a cikin aji, sai an fitar da shi fili an haɗa shi da wahala ta gaske, a hannun wani babba da ke shan wahalar tare da shi. Tarihin makarantar ya gaskata wannan ra'ayi, amma da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan nan su ne abin da muka fi saurin yarwa.

Tushen abin yana wurin wani malami Bayahuden Jamus mai suna Kurt Hahn, wanda aka haifa a 1886. Shi ya jagoranci makarantar Salem tun kafuwarta a 1920. Da ya fito fili ya soki Hitila, aka kama shi a 1933, da aka sake shi ya tsallaka Birtaniya, ya buɗe makarantar Gordonstoun a can arewacin ƙasar a 1934. Damuwar Hahn ita ce yaron zamani ya rasa ƙarfin jiki, ya rasa kuzarin fara abu da kansa, ya rasa haƙurin ƙware wa aikin hannu, mafi muni kuma tausayi na raguwa a zuciyarsa. Maganin da ya kawo ya haɗa da motsa jiki da doguwar tafiya a ƙasa ko a ruwa, amma abin da ya fi ba muhimmanci shi ne aikin ceto. Ɗalibansa sun yi gadin gaɓar teku, daga baya suka kafa ƙungiyar kwana-kwana da ta ceton waɗanda suka maƙale a duwatsu. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya haɗa kai da Lawrence Holt, mai kamfanin jiragen ruwa na Blue Funnel, suka buɗe makarantar Outward Bound ta farko a Aberdovey, a gaɓar yankin Wales. Labarin da ake bayarwa shi ne Holt ya lura cewa idan Jamusawa suka nutsar da jirgi aka koma kwale-kwalen ceto, matasa majiya ƙarfi sukan riga dattawan matuƙa mutuwa, domin dattawan sun saba da wuya, sun san iyakar abin da jiki ke iya ɗauka. Horon ya kan ɗauki kusan wata guda, a ƙananan rukunoni, kowane rukuni da malaminsa.

Wanda ya kawo wannan dabara Afirka ta Yamma shi ne Alec Dickson, wani Bature da ya yi aikin yaƙi da jahilci a Gwalkwas, wato Ghana ta yau. A 1951 ya buɗe cibiyar horo a wani lungun teku da ake kira Man O' War Bay, kusa da garin Victoria wanda yanzu ake kira Limbe, a gindin Dutsen Kamaru. A lokacin Ingila ke riƙon amanar wannan yanki, tana gudanar da shi tare da Najeriya. Shekarar ma ba ta banza ba ce, domin a cikinta aka kawo tsarin mulkin Macpherson, kowa kuma ya ga cewa ragamar ƙasa za ta koma hannun 'yan boko ba da daɗewa ba. Abin da ya dami Dickson shi ne irin 'yan bokon da makarantun zamanin ke yayewa: akawu mai farar riga wanda ke ganin riƙe fartanya ƙasƙanci ne, wanda kuma bai san ɗan wani lardi ba sai a labari. Sai aka riƙa tattaro malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan En'e daga jihohin ƙasar, har da 'yan Arewa waɗanda ba su taɓa ganin teku ba. A sa su iyo da tuƙa kwale-kwale, a hau da su dutsen da tsayinsa ya haura mita 4,000, inda sanyi da ƙarancin iska ke karya gwiwar mai taƙama, sannan a kai su ƙauyuka su yi aikin gayya tare da mutanen wurin, irin su gina gada da gyaran hanya da kasuwa. Matarsa Mora ta rubuta labarin cibiyar a littafinta New Nigerians na 1960, shi kuma abin da ya koya a nan ya taimaka masa wajen kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta VSO a 1958.

A nan ne hikimar tsarin take, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Dutse bai san ɗan sarauta ba, teku kuma ba ya tambayar takardar shaida. Saurayin da a gida ake durƙusa masa, idan ƙafarsa ta gaza a tsakiyar hawa, hannun da ya miƙo masa zai kama, ko na wane ne. Wanda ya ji tsoron ruwa a gaban abokai sha ɗaya, ya kuma ga sun jira shi har ya iya, ya koyi wani abu game da kansa da kuma su wanda lacca goma kan haɗin kan ƙasa ba za ta koya masa ba. Amma hawan dutse shi kaɗai jarumtaka ce da ke ƙarewa a kan mai ita. Rabin na biyu, wato aikin ƙauye, shi ke juya wannan sabon ƙarfin zuciya zuwa ga amfanin wasu, gadar kuma tana nan bayan an watse, mata na bi ta kanta zuwa kasuwa. Malamin da ke kula da rukunin yana kwana inda suke kwana, yana cin abin da suke ci, yana ɗaukar kwanon siminti kamar kowa. Shi ya sa idan ya tsawata ake ji.

Siyasa ce ta tayar da cibiyar daga bakin teku. A ƙuri'ar raba-gardama ta 11 ga Fabrairu 1961, Kudancin Kamaru ya zaɓi haɗewa da Jamhuriyar Kamaru, Arewacinta kuma ya zaɓi Najeriya ya zama Lardin Sardauna. Aka kwashe makarantar zuwa Kurra Falls a Filato, inda ake samar da lantarkin da masu haƙar kuza ke amfani da shi a lokacin, daga baya ta kafu a duwatsun Shere kusa da Jos. Ta zama hukumar gwamnatin tarayya mai horar da 'yan ƙasa da shugabanni, dokar soja mai lamba 38 ta 1989 ta sake tsara ta, ta kuma yi rassa: na ruwa a Apapa, na kurmi a Aluu kusa da Fatakwal, na duwatsu a Kwatarkwashi, na hamada a Fika. Ƙungiyoyin sa-kai masu ɗauke da sunan Man O' War suka bazu a makarantu da jami'o'i, da gwamnatin Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 kuma, horon ya samu gurbi a sansanoninsa.

Mai suka zai ce wannan kayan Turawan mulki ne, an ƙirƙiro shi don a sanyaya zafin matasa masu neman 'yanci, a mai da su masu biyayya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin gwamnatin mulkin mallaka ba ta kashe kuɗinta a kan abin da take ganin zai cuce ta. Zai ƙara da cewa mu ma muna da namu, kuma nan ma ya yi gaskiya. Yaron da ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja sayen goro ya yi watanni a hanya a ƙarƙashin madugu da jagaba, ya koyi ɗaurin kaya da kula da jaki da tsaron zango da riƙe amana. Ɗan gandu ya koyi noma a bayan mahaifinsa, samari sun yi gayya a ƙarƙashin sarkin samari, matasan mafarauta sun koyi daji daga manyansu. Sai dai wannan hujja tana goyon bayan tsarin ne. Duk waɗannan hanyoyi namu suna da ginshiƙai iri ɗaya da na Dickson: babba a kusa, aiki na gaske, lokaci mai tsawo. Jirgin ƙasa da mota sun kashe ayari, boko da ci-rani sun raba yara da gandu, ba a kuma kawo abin da ya maye gurbinsu ba. Niyyar Bature daban, ingancin dabarar daban, kuma abu guda da ta ƙara a kan namu shi ne haɗa baƙin juna, Bakano da ɗan Kalaba, a igiya ɗaya.

Suka mafi nauyi ita ce ta mai tambayar shaida: wa ya tabbatar cewa wata guda a daji na canza mutum? A 1997 John Hattie da abokan aikinsa suka tattara bincike 96 a kan irin wannan horo, wanda ya shafi mutum kusan 12,000. Sun samu cewa amfanin matsakaici ne, ya fi bayyana a wajen dogaro da kai da yanke shawara da kame kai, kuma bai gushe ba bayan an koma gida, ya ma ƙaru, abin da ba kasafai ake gani a shirye-shiryen ilimi ba. Sun kuma lura cewa shirye-shiryen da suka wuce kwana 20 sun fi gajerun tasiri. Akwai kuma wani bincike da ya kamata ya hana kowa zumuɗi. A ƙarshen shekarun 1930, a garuruwan Cambridge da Somerville na Amurka, an raba yara maza gida biyu, aka ba rabi masu ba da shawara da taimakon karatu da magani da zuwa sansanin hutu, aka bar rabi haka nan. Da Joan McCord ta bi sawun 506 daga cikinsu bayan shekara 30, sai ta tarar waɗanda aka taimaka sun fi faɗawa shaye-shaye da maimaita laifi da mutuwa da wuri, waɗanda aka kai sansani fiye da sau ɗaya kuma su suka fi lalacewa. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne an tara yara masu matsala wuri guda suna koya wa juna. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Fili da iska ba sa gyara kowa don kansu, abin dubawa shi ne wa ke tare da yaron, me ake sa shi yi, kuma har tsawon wane lokaci.

Idan aka auna abin da muke yi yau da wannan ma'auni, za a ga inda aka sauka daga hanya. Sansanin masu hidimar ƙasa na mako uku ne, mutane dubbai a wuri guda, rabon kowa daga hawan katanga da igiya kuma bai wuce na ɗan lokaci ba, sai a ɗauki hoto a tura gida. Ba laifi ba ne, amma malami ɗaya ba zai san halin mutum ɗari biyu ba, balle ya gyara shi. A yawancin ƙungiyoyin makarantu kuwa fareti da muƙamai da sara wa na gaba sun mamaye wurin da iyo da aikin ƙauye suke a da. Dalilin a fili yake: fareti ba ya cin kuɗi, ba ya buƙatar ƙwararren malami, ga shi da ƙayatarwa ranar biki. Hatsarinsa shi ne saurayin da aka ba kaki da iko a kan jama'a ba tare da an fara koya masa yi musu hidima ba, girman kai zai koya, wato ainihin cutar da aka kafa makarantar don magancewa.

Saura batun tsaro, wanda ba a iya kau da kai daga gare shi. Uban da ya ƙi barin ɗansa, balle 'yarsa, ya kwana a dajin Zamfara ko Yobe a wannan zamani bai yi laifi ba. Amma tarihin nan ya nuna cewa makarantar ta bar teku ta koma dutse ba ta mutu ba, domin wurin ba shi ne jigo ba. Aikin da ke jiran matasa yana bakin ƙofa: kwazazzaban da ke cinye gonaki da gidaje, magudanan da ke toshewa duk damina, dashen itatuwan tare hamada da ke mutuwa don babu mai ban ruwa, 'yan mata kuma na iya yin nasu a rukuninsu a hannun malamai mata. Sama da duka akwai aikin ceto, wanda Hahn ya ɗora a gaba. A ƙarshen Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari a Bagwai da mutane da dama, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, a Satumba 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Ya kamata gwamnatocin jihohin da ke da koguna da madatsun ruwa su nemi malaman cibiyar nan, a ɗauki samarin ƙauyukan bakin ruwa rukuni-rukuni, kowane rukuni kada ya wuce mutum 12, a ba su wata guda cur na koyon iyo da ceto da taimakon gaggawa, kuɗin ɗinkin kakin kuma a sayi rigunan kariya daga nutsewa da shi.